Ɓeran Keji da Ɓeran Rumbu: Garkuwarsu Ba Ɗaya Ba Ce

Kusan duk sabon magani sai ya bi ta jikin ɓera kafin ya iso jikin mutum. Amma ɓeran da masana ke gwaji da shi ba irin mai ɓarna a rumbu ba ne. Wanda aka fi amfani da shi, wani baƙin ɓera mai suna C57BL/6, tun 1921 aka fara kiwonsa a Amurka. Yana zaune cikin kejin da ake tace iskarsa. Ruwansa da abincinsa da shimfiɗarsa duk an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsu, mai taɓa shi kuwa sai da safar hannu da takunkumi. An yi haka ne don kada wata cuta ta ɓoye ta dagula sakamakon gwaji.

Sai dai garkuwar jiki da gwagwarmaya take koyon aiki. Duk lokacin da cuta ta shiga, wasu fararen ƙwayoyin jini kan riƙe kamanninta, su tare a hanji da huhu da fata suna gadi. Ɓeran rumbu tun yana jariri yake fama da ƙuma da tsutsar ciki da ruɓaɓɓen hatsi, don haka masu gadinsa sun cika ko'ina. Na keji kuwa tamkar sojan da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba ne.

A 2016 masana a Jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar ɓeran keji ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, ta ɓeran waje kuma ta fi kama da ta baligi. Suka haɗa na keji da waɗanda aka sayo daga shagon dabbobi wuri guda. Cikin wata biyu fiye da kashi 20 cikin ɗari na 'yan kejin suka mutu. Waɗanda suka rayu garkuwarsu ta sauya, suka riƙa murƙushe ƙwayar cutar Listeriya fiye da da nesa ba kusa ba. A 2017 kuma, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasar Amurka, aka dasa wa ɓerayen keji ƙananan halittun da ke hanjin ɓeran daji, aka sa musu murar infuluwenza. Kashi 92 cikin ɗari suka tsira, alhali cikin waɗanda ba a dasa wa ba kashi 17 kacal suka sha.

Wannan bambanci ya taɓa jefa mutane cikin haɗari. A Maris na 2006, a Landan, aka yi wa maza shida masu ƙoshin lafiya allurar gwajin wani magani, TGN1412, wanda a jikin dabbobin gwaji bai nuna illa ba. Cikin 'yan sa'o'i garkuwarsu ta haukace, gaɓoɓinsu na ciki suka fara gazawa, da ƙyar aka ceto su. A 2019 aka gwada irin wannan magani kan ɓerayen keji da uwa 'yar daji ta haifa ta kuma shayar, sai jikinsu ya tayar da irin tarzomar da aka gani a jikin mutanen. Da da su aka fara, da an ga alamar haɗarin tun da wuri.

Saboda haka, in ka ji a rediyo an ce magani kaza ya warkar da ciwo a jikin ɓeraye, ka san tafiya na da sauran nisa. Kada kuma wani ya ɗauka ƙazanta magani ce. Ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yana yawo da ita lafiya lau, amma fitsarinsa a kan abinci na iya kashe mutum. Hanyar koya wa jiki yaƙi ba tare da sai an yi asarar rai ba ita ce allurar rigakafi.