Gulbin Maraɗi na cin gaɓarsa: daga ina ɓarnar take tasowa?

Da rani Gulbin Maraɗi ba ya ba kowa tsoro. Rairayi ne shimfiɗe, amalanken shanu na ratsa shi ba neman gada. Sai mutum ya ɗaga kai ya dubi gaɓa zai ga aikin da damina ta bari. A wani lambu kusa da Tibiri na ga mangwaro rabin saiwoyinsa na lilo a iska. A ƙasa, cikin gulbin, ga rijiyar siminti tsaye ita kaɗai kamar rumbu, ƙasar da ta riƙe ta ta tafi. Dattijon da ke da lambun ya nuna ta da sanda ya ce mini, "Ɗana, a tsakiyar lambu mahaifina ya gina wannan rijiya."

Gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya bi gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Halinsa sananne ne tun da daɗewa: ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga fadama, aka maida shi kan tudu.

Yadda yake cin gaɓa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar wurin rairayi ce mai saurin sakin jiki. A kowace kwana ruwa na ƙwaƙule gindin gaɓar waje, sama ta rage ba madogara. Sau da yawa ma sai ruwa ya fara janyewa gaɓar da ta sha ta ƙoshi take tsagewa ta zube.

Sai dai a ganina duk wanda ya tsaya bakin gulbi yana neman mai laifi ya makara, don tun a tudu ake haɗa ɓarnar. Jihar Maraɗi na cikin inda jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Gona ba ta samun hutu, kara ana kwashe shi tas a kai wa dabbobi, ruwan farko kuwa kan tarar da ƙasa tsirara. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi, ya tsaga kwazazzabai, ya isa gulbi a lokaci guda ɗauke da yashi. Birni ma na ƙara nasa: rufin kwano da kwalta ba sa shan ruwa. Wanda ya ga ruwan da ya sauka Maraɗi a ƙarshen Agustan 2024, ya rusa gidaje ya ɗauki rayuka, ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma madatsar Jibiya, da Najeriya ta gina a saman gulbin. Manoman gulbi sun fi kuka da raguwar ruwan da ke malale fadama, amma madatsa na da wata illa: tana tare yashi da laka, ruwan da ya tsallake ta kuma sai ya nemi abin ɗauka daga gaɓar da ke gaba. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tanadi yadda ƙasashen biyu za su raba ruwan wannan gulbi. Mai lambu dai buƙatarsa a sanar da shi ranar da za a saki ruwa. Ga masu ɗibar yashi da masu buga tubali, waɗanda ke haƙa daidai gindin gaɓa saboda nan ya fi kusa da hanya. Ba na ganin hana su zai yi tasiri, gari na ginuwa. A nuna musu inda za su haƙa.

Asarar kuwa ta fi faɗa wa ƙasa mafi tsada, wato fadamar zogale da tumatir da mangwaro. Abin da gulbi ya yanka a nan yana zubar da shi a can, yashi ya binne lambun wani, tafkin Madarumfa kuma na ta cikewa. Idan ruwa ya canja hanya iyakar gona ta ɓace, maƙwabta su wayi gari a gaban sarki ko kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa.

A gabas, Agiye da Gazawa na da abin nunawa. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Gazawa ya nufi Mayahi ba ya gudu kamar na Maraɗi, kuma inda aka bar goruba saiwoyinta sun ɗaure ƙasa tamau. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, manoma sun rungumi sassabin zamani: a bar tohon gawo da kalgo da sabara a gona, a rage rassa, a sa masu tsaro. Gonar da ke da itace tana rage wa ruwa gudu tun kafin ya zama kwazazzabo. Ragar waya cike da duwatsu na da amfani a gindin gada, amma tana da tsada, kuma takan tura ruwa ya ci gaɓar maƙwabci.

Batun awo ma ba sai an jira hoton tauraron ɗan'adam ba, ko da yake shi ne ke nuna yadda gulbi ya karkata cikin shekaru. Dattijon nan na Tibiri ya kafa turke nesa da gaɓa, duk bayan kaka yana auna tsakani da taku. Bara ya ƙirga ashirin da biyu, bana goma sha tara.