Dalilin Da Ya Sa Buɗe Wasan Kwamfuta Ya Zama Aiki

A da, mai son wasan kwamfuta faifai yake saya, ya sa a na'ura, shi ke nan. Yau sai ya bi ta wata manhaja da ke riƙe da wasanninsa, wani lokaci ma manhaja biyu, kafin wasan ya tashi. Kamfanin Valve ne ya share wannan hanya da ya ƙaddamar da Steam a 2003, sannan a 2004 ya wajabta ta ga duk mai son buga Half-Life 2.

Tushen yawaitar waɗannan manhajoji kuɗi ne. Steam ta daɗe tana karɓar kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki, abin da manyan kamfanoni suka ga ya yi yawa. EA ya buɗe Origin a 2011, Ubisoft ya fito da Uplay, Rockstar ya bi sahu a 2019. Epic kuwa ya buɗe shagonsa a ƙarshen 2018, yana karɓar kashi 12 kacal. Bayan kuɗi, kowane kamfani yana so ya riƙe asusun masu wasansa, ya kuma toshe satar fasaha da maguɗi.

Gasar ta yi wa masu saye rana ta wani ɓangaren. Epic yana raba wasanni kyauta, Valve kuma ya rage kasonsa ga wasannin da suka yi ciniki mai yawa. Sai dai ko da EA ya dawo Steam a 2019, manyan wasanninsa sun ci gaba da neman asusun EA. Mutum zai danna maɓalli a Steam, sai wata manhaja ta buɗe, ta nemi kalmar sirri, ta fara sabunta kanta. Kowane mataki wata kafa ce da abu zai iya lalacewa.

Shi ya sa gyaran ya koma wuyan mai saye. Idan wasa ya ƙi tashi, shi zai sa Steam ta binciki fayilolin ta sake sauke waɗanda suka lalace, shi zai sabunta direban katin hoto, ya sake girka DirectX ko Visual C++, ya duba ko manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta ce ta tare wasan. Ga wanda data ke yi wa tsada, ko wutar lantarki ke yanke masa a tsakiyar saukewa, wannan asarar kuɗi ce da lokaci.

Babbar illar ta shafi mallaka. A Maris 2024 Ubisoft ya rufe sabar The Crew, wasan ya daina aiki ga duk waɗanda suka biya kuɗinsa. A Mayu na shekarar, Sony ya nemi tilasta wa masu wasan Helldivers 2 buɗe asusun PlayStation, alhali babu wannan sabis a yawancin ƙasashen Afirka, sai da ƙorafi ya yi yawa ya janye. Daga baya Steam ta fara sanar da mai saye cewa lasisi yake saya.

Akwai wata hanyar. Shagon GOG yana sayar da wasanni ba tare da makullin kariya ba, mutum na iya ajiye fayil ɗin girkawa ya buɗe ba intanet. Amma yawancin sababbin manyan wasanni ba sa zuwa can. Saboda haka, kafin mutum ya biya, ya duba shafin wasan a Steam, inda ake rubuta ko yana buƙatar asusun wani kamfani.