Tsohuwar Uwar Maƙera da Ƙimarta: Shiri na Musamman daga Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

(Kiɗan dundufa, sannan ya lafa)

 Shirinmu na yau zai bi babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Gidan Rumji ta gifta Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agiye da Gazawa kafin ta nufi Tasawa da Damagaram, domin mu tsaya a rumfunan maƙera da garejin kanikawa, mu yi nazari a kan kayan aiki guda biyu waɗanda kowa yake gani amma kaɗan ne suka san ƙimarsu, wato tsohuwar uwar maƙera da babban mamatsin ƙarfe wanda ake ɗaurewa a teburin aiki.

Dalilin kawo wannan mas'ala shi ne, a zamanin nan da 'yan gwangwan suke zagaya ƙauyuka da sikelinsu suna sayen kowane tsohon ƙarfe da kilo, alhali kuwa a Turai da Amurka akwai mutanen da suke tara irin waɗannan kaya suna biyan kuɗi mai yawa a kansu, ya wajaba ga mai uwar maƙera, ko magajin da ta faɗo a rabonsa, ya san abin da yake hannunsa tun kafin ya ce ya sallama.

(Kiɗa kaɗan)

Sana'ar ƙira daɗaɗɗiya ce a wannan ƙasa, kuma mai daraja ce a wurin malamai da sarakuna baki ɗaya, domin akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da aka ambata da sunan ƙarfe, ita ce Suratul Hadid, kuma sananne ne cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya tausasa ƙarfe ga Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, har ya riƙa ƙera sulke. A lokacin da Katsinawa ƙarƙashin Ɗan Kasawa suka kafu a Maraɗi bayan jihadi, da lokacin da Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836, babu rundunar da za ta fita ba tare da takobi da mashi da kibiya da linzami ba, kamar yadda babu gandun da za a nome ba tare da hauya da kwasa da sungumi ba, kuma duk waɗannan daga hannun maƙeran baƙi suke fitowa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Maƙera. Su ne suke haƙo tama, su narka ta da gawayin itace mai ƙarfi irin na ƙirya, su fitar da dunƙulen ƙarfe, sannan su yi ta dukansa har dattinsa ya fita.

Uwar maƙera ta gargajiya, wadda aka ƙera daga irin wannan ƙarfe, ba ta da girman ta Turawa. Guntun ƙarfe ne mai kauri, ƙasansa da tsini, kansa da faɗi, ana kafa shi a cikin kututturen da aka binne a ƙasa, maƙeri yana zaune a gabansa, awartaki a hannun hagu, masaba a hannun dama, yaro kuma yana gefe yana ta zuga. Sai dai wanda ya san wahalar da ake sha kafin a sami dunƙule ɗaya daga tama, ya kuma san cewa sai an haɗa dunƙule da dunƙule cikin wuta, ƙarti suna duka bi da bi, kafin ta kai girman da ake so, zai gane dalilin da ya sa take wucewa daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, ba a kai ta kasuwa.

Daga baya zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a ƙasar gyaɗa, manyan motoci suka fara jigila tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, sai tsohon ƙarfen mota da na dogo ya wadata ya yi araha, narkar da tama kuwa ta yi ta ja da baya har aka daina ta. Ta wannan ƙofa ce uwar maƙera ta Turawa da mamatsin ƙarfe suka shigo, wasu ta wuraren aikin gwamnatin mulkin mallaka da garejin kamfanoni, wasu ta hannun fatake daga Nijeriya, wasu kuma bayan samun mulkin kai a 1960, sa'ad da aka himmatu wajen yaɗa noma da shanu, aka koya wa maƙeran karkara gyaran garmar shanu da amalanke. Saboda haka wanda ya bi rumfunan wannan yanki a yau, tun daga Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa a gundumar Gidan Rumji, har zuwa Gangara a gundumar Gazawa, wadda aka cire daga Agiye a 2011, zai iya tarar da iri uku suna aiki kafaɗa da kafaɗa: ta gargajiya, da ta Turawa mai ƙaho, da kuma guntun ƙarfen dogo ko na babbar mota wanda talaka ya mayar uwar maƙera don larura.

(Kiɗa kaɗan)

To, jama'a, yaya ake gane ta ƙwarai? Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko shi ne asali, kuma asali yana rubuce a jikinta ga wanda ya goge tsatsa ya duba. Daga Ingila akwai Peter Wright na garin Dudley da Mousehole na Sheffield, daga Amurka akwai Hay-Budden na Brooklyn da Fisher na Trenton, daga Jamus akwai Peddinghaus, Faransa kuma tana da nata masana'antu, har da na garin Firminy. Ƙirar Ingila ƙaho ɗaya gare ta, da rami mai kusurwa huɗu da ƙaramin rami zagayayye a wajen gindi, ita kuwa ƙirar Faransa galibi ƙaho biyu ce, ɗaya zagayayye ɗaya mai kusurwa. Wani Ba'amurke mai suna Richard Postman ya wallafa babban littafi a 1998 a kan tarihin waɗannan masana'antu da tamburansu, shi ne madogarar masu tarawa har yau.

Na biyu shi ne nauyi, kuma a nan akwai wani sirri da yake ruɗa mutane da yawa. Ta Faransa da ta Jamus da kilo ake rubuta nauyinsu, babu wahala. Amma tsohuwar ta Ingila lambobi uku ake bugawa a gefenta a rarrabe: ta farko a riɓa ta da laba 112, ta tsakiya da laba 28, ta ƙarshe kuma laba ce zalla. Idan mutum ya ga 1 da 2 da 10, lissafinsa shi ne 112 da 56 da 10, jimla laba 178, wato kimanin kilo 81. Wanda bai san wannan ƙa'ida ba, ko dai ya zaci laba 1210 ce ya tsawwala kuɗi har mai saye ya gudu, ko ya zaci lambar kamfani ce ya yi watsi da hujjar da take hannunsa.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne lafiyar fuska. Yawancin tsofaffin nan jikinsu ƙarfe ne mai taushi da aka ƙera da duka, sannan aka manna farantin ƙarfe mai tauri a sama cikin wuta, ta yadda jiki zai shanye duka, fuska kuma ta mayar da shi ga abin da ake ƙerawa. Gwajinta abu ne mai sauƙi: a ɗauki ƙwallon boris a sake shi a kan fuskar daga tsawon taƙi guda, idan ya yi tsalle ya dawo kamar kashi takwas cikin goma na inda aka sake shi, to fuska tana da rai, idan kuwa ya faɗi ya kwanta, to ko gobara ta taɓa cin ta taurinta ya zube, ko kuwa tun asali zubin baƙin ƙarfe ce marar inganci. Bayan haka a bi ta da ƙaramar guduma daga ƙaho zuwa gindi ana saurare, domin inda farantin ya rabu da jiki amon yakan mutu, ya koma kamar na fasasshiyar ƙwarya. Sai dai a kiyaye, ƙirar Fisher tun daga masana'anta ba ta da ƙara, saboda jikinta zubi ne, kuma wannan ba aibi ba ne a gare ta.

Na huɗu shi ne tarihi, wato sanin hannun da ta bi. A wurin masu tarawa, wadda aka san wurin aikin da ta fito da sunan wanda ya yi aiki a kanta ta fi wadda ba a san asalinta ba, ko da nauyinsu ɗaya. Idan haka ne, uwar maƙera ta gargajiya, wadda aka ƙera da tamar ƙasar nan a gidan da aka san jerin kakanninsa, ba ta da na biyu, domin masana'antun Turai sun ƙera dubbai iri ɗaya, ita kuwa murhun da ya fitar da ƙarfenta ya mutu, ba za a ƙara yin irinta ba.

(Kiɗa kaɗan)

Game da mamatsi kuma, iri biyu ne. Akwai na maƙera mai doguwar ƙafa da take sauka har ƙasa, wanda aka ƙera da duka, an yi masa ƙafar ne domin nauyin guduma ya bi ta ya shige ƙasa, saboda haka yana jure sara da lanƙwasa. Akwai kuma na kanikawa wanda ake ɗaurewa a tebur da ƙusoshi, irin su Record na Sheffield, da Dolex na Faransa, da Wilton wanda aka fara yi a Chicago a 1941, yawancinsu zubi ne, an yi su don riƙo da aikin magagari da zarto, duka mai tsanani yana tsaga su. Ana auna girman mamatsi da faɗin bakinsa, lafiyarsa kuma da zaren da yake buɗe shi yana rufe shi. Mai saye ya buɗe shi har ƙarshe ya rufe, ya ga ko leɓɓansa suna haɗuwa daidai, ya duba wuyansa ko akwai tsohuwar walda, ya lura da hannunsa, domin lanƙwasasshen hannu shaida ne cewa an sha zura masa bututu ana matsa shi fiye da ƙarfinsa. Sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe kuwa abin tuhuma ne har sai an kankare an gani.

A nan ne shari'a take da magana, domin malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita idan aibin ya bayyana. Haka nan wanda ya san ƙimar abu, ya tarar da marayu ko gwauruwar maƙeri ba su sani ba, ya auna musu gadon ubansu da kuɗin gwangwan, to ya sani ya ci amanar jahilcinsu, ko da sun ce sun yafe. Masu rabon gado su ma ya kamata su nemi maƙeri ƙwararre ya yi wa kayan aiki ƙima kafin a raba, kamar yadda ake neman masani a kan gona da dabba.

Haƙiƙanin ƙimar waɗannan kaya tana cikin aikin da ya rage a jikinsu. Uwar maƙera mai lafiya da ta shekara ɗari tana iya ƙara wasu ɗari, tana fitar da hauya da gatari da lauje ga manoman Gulbin Kaba da na Gulbin Maraɗi duk gabatowar damina, alhali sabuwa mai irin ingancinta sai an yi odarta daga ƙetare da kuɗin da maƙerin ƙauye ba zai iya tarawa ba. Idan aka ɗora ta a mota aka kai ta inda za a narka, an sayar da abincin zuri'a guda da kuɗin cefanen 'yan kwanaki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka muna kira ga maƙera da magadansu: kada a goge fuskarta da injin gurza don ta yi ƙyalli, domin farantin siriri ne, abin da aka cinye ba ya dawowa. Kada a cike gefenta da waldar gama-gari, domin zafi yana kashe tauri. A goge tsatsa da burushin waya, a shafa mai, a ɗauke ta daga inda ruwa yake kwanciya, a kuma sa yaro ɗan makaranta ya rubuta tamburanta da sunayen waɗanda suka yi aiki a kanta. Idan larura ta tilasta sayarwa, a fara tallata ta ga maƙeri ɗan'uwa. Muna kuma kira ga sarakunanmu na Gobir da Katsinar Maraɗi, da magadan gari, da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da hukumar Gidan Tarihi na Bubu Hama da yake Yamai tun 1959, da su ƙidaya tsofaffin uwayen maƙera na gargajiya da suka rage, su rubuta tarihinsu daga bakin dattawa tun suna raye.

Jama'a masu sauraro, a nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Wanda yake da irin wannan kaya a gidansa, ya tambayi masani kafin ya kira mai sikeli. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya ba mu damina mai alheri. 

(Kiɗan dundufa)