John Perkins: Mutumin da ya koma jihar da aka kashe wansa domin wa'azin sulhu

John Perkins yana ɗan shekara 16 aka kashe wansa, Clyde. Clyde ya dawo da ransa daga Yaƙin Duniya na Biyu, amma wani ɗan sanda farar fata ya harbe shi a layin shiga sinima a garin New Hebron da ke jihar Misisipi ta Amurka. Ganin yadda zuciyar yaron ke tafasa, danginsa suka tura shi Kalifoniya a 1947, gudun kada shi ma ya rasa ransa.

An haifi Perkins a 1930 cikin dangin baƙar fata masu noman ƙodago a gonakin Turawa. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri sakamakon cutar rashin abinci mai gina jiki, karatunsa kuma bai wuce aji uku ba. A Kalifoniya ya samu aiki da rufin asiri, ya auri Vera Mae, amma yana kallon addinin Kirista a matsayin abin da ake lallashin baƙar fata da shi domin su haƙura da zalunci.

Babban ɗansa, Spencer, ne ya ja shi zuwa darasin Lahadi a coci. A 1957 Perkins ya ba da gaskiya, a 1960 kuma ya kwashi iyalinsa ya koma Misisipi. A garin Mendenhall ya haɗa wa'azi da renon yara, ƙungiyoyin gama kai da rajistar masu zaɓe, har ya jagoranci ƙaurace wa shagunan Turawa.

Babban gwaji ya zo a watan Fabrairun 1970. Ya je belin wasu ɗalibai da aka kama bayan zanga-zanga, sai shi ma aka tsare shi a gidan yarin Brandon. Jami'ai suka kwana suna dukansa, har suka sa shi goge jininsa daga ƙasa. Daga baya ya bayyana cewa a daren ne ya ga yadda ƙiyayya ta lalata masu dukan nasa, ya kuma tsorata kada ta mayar da shi kamarsu. A gadon asibiti ya yanke shawarar yafewa.

Sai dai yafiyar ba ta sa ya yi shiru ba. Littafinsa na 1976, Let Justice Roll Down, ya fayyace abin da aka yi masa dalla-dalla. Koyarwarsa ta tsaya a kan ginshiƙai uku: mai hidima ya tare cikin matalautan da yake yi wa aiki, a sulhunta jinsuna, a kuma buɗe wa talaka ƙofar dukiya. A kan waɗannan aka kafa ƙungiyar CCDA a 1989, wadda ta haɗa majami'u masu raya unguwannin marasa galihu a faɗin Amurka.

A wurin Perkins, sulhun da bai taɓa aljihu da mazaunin mutum ba bai wuce fatar baki ba.