Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu: abin dubawa kafin a fara aiki da ita

Ɗalibai da ƴan kasuwa da dama a Maraɗi, Damagaram da Tawa kan sayi kwamfuta ta hannu saboda rangwamen kuɗi. Sai dai akwai abin lura: tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Kwamfutar tana ci gaba da aiki, amma duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Don haka, kafin a biya kuɗi, a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11.

Idan an saya, a sa mai gyara ya goge komai ya sake girka tsarin, domin tsohon mai ita na iya barin manhajar leƙen asiri a ciki. Sannan a sa kalmar sirri mai tsawo, ba sunan ɗa ko lambar waya ba.

Zafin bazara da ƙurar hunturu ma abokan gaba ne. Kada a ɗora ta kan katifa, domin ramukan iska na toshewa. Idan wuta ta ɗauke, a cire caja har sai ta dawo ta daidaita. Muhimman takardu kuwa, a riƙa kwafe su a kile USB, a ajiye daban.