Sadaukan Littattafan Zane: Daga Kantunan Amurka Zuwa Kasuwannin Ƙasar Zazzau



Abin da zan yi magana a kansa yau wani irin littafi ne wanda galibin manazarta adabinmu ba su ɗauke shi a bakin kome ba, watau littafin da ake ba da labari a cikinsa da zane-zane. Akan raba shafi gida-gida, kowane gida da hoton abin da ya auku, maganar kowane mutum kuwa a rubuta ta cikin wata 'yar ƙawanya da ke fitowa daga bakinsa. Zan riƙa kiransu littattafan zane. Daga cikinsu zan fi mai da hankali ga waɗanda ke ɗauke da labarun sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, da kantunan da ake sayar da su, da kuma wata tambaya da ta daɗe tana damuna. Me ya sa yaron da ke Kurmin Kogi, ko Hunƙuyi, ko Maƙarfi zai iya gane Spider-Man a jikin jakar makarantarsa, amma da wuya a ce ya taɓa riƙe littafin wannan sadauki, balle irinsa da aka rubuta cikin harshensa?

Asalin waɗannan sadaukai a ƙasar Amurka ne. A shekarar 1938 wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman cikin fitowar farko ta mujallar Action Comics. Sun sayar wa kamfani haƙƙin mallakarsa a kan dala 130, mujallar kuwa sisin Amurka goma ake sayar da ita, watau kashi ɗaya bisa goma na dala. A shekarar 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan fitowa a kan dala miliyan 6. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuma a 1962, daga hannun Stan Lee da Steve Ditko. A 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda, wanda da yawa daga cikinku kun gan shi a majigin da aka fitar a 2018.

Ba a bar littattafan nan sun sha ruwa da sanyi ba. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafi yana zargin su da lalata tarbiyyar yara, har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan lamarin, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa don kada a kafa musu. Wanda ya tuna yadda aka ƙona wasu littattafan soyayya na Hausa a Kano a 2007 zai ga wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Duk inda yara suka rungumi wani karatu da ba malami ne ya ba su ba, sai hankalin manya ya tashi.

Kantin littattafan zane

Da farko a wurin masu sayar da jaridu ake samun su, tare da sauran mujallu, wanda bai sayu ba a mayar wa kamfani. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta na birnin New York, Phil Seuling, ya shirya da kamfanoni su riƙa ba ƙananan kantuna littattafai kai tsaye da rangwame mai yawa, bisa sharaɗin ba a mayar da kwantai. Wannan sharaɗi shi ya haifi kantin littattafan zane kamar yadda aka san shi. Tun da mai kanti ba shi da ikon mayar da abin da ya rage, tilas ya san masu sayensa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da kowa ke bi, kwantan kuma ya adana shi cikin leda ya jera a akwatuna, har wata rana ya zama abin nema.

Lokacin da nake karatu a ƙasar waje nakan leƙa irin wannan kanti, kuma abin da ya fi burge ni bai shafi sadaukan ba. Bisa al'ada ranar Laraba sababbin littattafai ke isowa. Mai kanti yana da takardar sunayen masu zuwa kullum, ya ware wa kowa nasa tun kafin ya iso. Sai ka ga dattijo da ɗan sakandare sun tsaya suna gardama a kan wanda zai kā da wani tsakanin sadaukai biyu, kamar yadda ake gardamar 'yan dambe a bakin kasuwa bayan kaka. Kowane littafi ɗan siriri ne, kuma yakan tsaya daidai inda rai ke so a ci gaba, sai wata mai zuwa. Tun 2002 kuma suna da rana guda a shekara, Asabar ta farko a watan Mayu, da ake raba wasu littattafai kyauta don jawo sababbin masu karatu. A ganina abubuwa uku ne suka riƙe wannan karatu: sanannen wuri, da sananniyar rana, da labarin da ba ya ƙarewa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda suka shigo Nijeriya

Iyayenmu da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 ba za su manta da Lance Spearman ba, wanda aka fi sani da Spear. Kamfanin Drum ne ya riƙa buga labarinsa mako-mako a mujallar African Film daga 1968 zuwa wajen 1972. Wannan ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka ɗauka a Afirka ta Kudu aka jera su gida-gida da maganganu. Spear baƙar fata ne, ɗan binciken asiri, mai malafa da kwat, ga iya naushi, abokin gabarsa kuma Rabon Zollo. 'Yar'uwar mujallar mai suna Boom ita ke ɗauke da Fearless Fang, sadaukin daji. Kwafi ɗaya yakan zaga ɗakin kwanan ɗalibai har ya yage.

A 1975 aka fito da Powerman, sadauki baƙar fata da aka shirya musamman don kasuwar Nijeriya, amma Turawan Ingila ne suka rubuta suka zana, cikinsu har da Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna ƙwarai a wannan sana'a. An umarci masu zanen su sa wa kowane gida lamba, don kada mai karatu ya ɓata. Wasu na ganin raini ne. Wataƙila akwai rainin, amma ni ina ganin akwai abin lura a ciki. Yaron da ya fara karatu a kan allo idonsa daga dama yake tashi zuwa hagu, kuma ba laifi ba ne, don littattafan zane na Japan ma daga dama ake karanta su. Bin shafin zane abu ne da ake koyo, ba a haifi kowa da shi ba. Wale Adenuga kuma ya kafa Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco ya fito, amma wannan ban dariya ne ba sadaukantaka ba.

Duk waɗannan da Ingilishi ko Ingilishin kasuwa aka yi su, kuma hanyarsu ita ce hanyar jarida: Ikko, Kaduna, Sabon Garin Zariya, Kano. Abin da ya bar kan titi ya shiga ƙauyukan Ikara da Kudan sai wanda ɗan makarantar kwana ya zo da shi hutu a ƙasan akwatinsa.

Sadaukinsu da namu

Kada a ɗauka Bahaushe ba shi da sadaukai. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 muka sami Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya yaƙi Turawa ya kuma shiga duniyar aljannu. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushensa wani sadaukin tatsuniyoyin Rasha ne, amma ya zauna daram cikin Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuncinsa. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, da ya kai yaron Hausa sararin samaniya. Kafin su duka akwai Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Hatta irin baiwar da sadaukan Amurka ke taƙama da ita muna da sunayenta tun kaka da kakanni. Wanda ƙarfe ba ya cinsa ɗan tauri ne. Wanda ke ɓacewa yana da layar zana ko baduhu. Wanda ke sandarar da hannun maƙiyi yana da sagau, wanda kibiya ke kauce masa kuma yana da kau-da-bara.

To, amma akwai bambanci guda biyu da ya kamata mai son rubuta irin wannan labari da Hausa ya yi tunani a kansu. Na farko, ƙarfin sadaukin Amurka yawanci hatsari ne ko kimiyya: gizo-gizo mai gubar nukiliya ya ciji Spider-Man, Superman kuma daga wata duniyar aka jefo shi. Namu kuwa ƙarfinsa gado ne ko nema, wani ne ya ba shi, kuma akwai sharaɗin da in ya karya asirin ya warware. Wannan ya fi daɗin labari, don yana sa sadauki ƙarƙashin wani, yana da kaka ko malami da zai amsa wa. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, sadaukin Amurka ɓoye kansa yake yi. Yana rufe fuska, yana da suna biyu, da rana ɗan jarida ne sanyi-sanyi, ko maƙwabcinsa bai san shi ba. Sadaukin Hausa kuwa kafin ya kai hannu sai ya yi kirari, ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, makaɗinsa na biye yana ƙara masa. A wurinmu mai rufe fuska da dare ɓarawo ne. Saboda haka wanda ya ɗauko Batman ya sa masa rawani ya ce ya yi sadaukin Hausa bai yi kome ba tukuna, sai ya warware wannan matsala: a garin da kowa ya san kakan kowa, ina mutum zai ɓoye, kuma don me?

Wasu sun riga mu farawa. Kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a Ikko a 2013, yana da sadaukai irin su Guardian Prime, ana kuma yin taron masoya littattafan zane a Ikko tun 2012. Roye Okupe ya fito da Malika, sarauniya mayaƙiya ta wata daula da ya kira Azzaz, kuma bai ɓoye cewa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya samo ta ba. Aiki ne mai kyau, ban kushe shi ba. Sai dai da Ingilishi yake, kuma ya fi sauƙin samuwa a kantunan Amurka bisa ga ƙasar da Aminar ta fito.

Abin da Hausa ke da shi

Ta fuskar harshe, ban san wata baiwa da ta dace da littafin zane kamar amsa-kama ba. Mai zanen Ingilishi ƙago sautuka yake yi don ya nuna faɗuwa ko duka, mu kuwa suna nan cikin bakin kowace tsohuwa mai tatsuniya. Ƙato ya faɗi tim, yaro ya faɗa ruwa tsulum, ɓarawo ya tashi wuf, an cafe shi caraf, mari ya sauka tas. Kowace ɗaya gida guda ce ta zane. Daɗin daɗawa, da yake da hannu akan rubuta maganganun, wahalar ƙ da ɗ da ɓ da ta daɗe tana damun masu ɗab'i ba ta taso ba. Ga mai koyon karatu kuma, hoton yana riƙe da shi inda kalma ta gagare shi. Tsakanin gida da gida akwai ɗan fili fari, a nan ne mai karatu ke cika abin da ba a zana ba: a wannan gida an ɗaga takobi, a na gaba mutum na kwance, shi ya yi saran da kansa cikin zuciyarsa. Yaron da ke yin haka karatu yake yi na sosai, ko da kalmomin shafin ba su kai ashirin ba.

Na san akwai iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai, kuma ba na raina wannan. Abin da zan ce kawai shi ne Magana Jari Ce da hotunansa ya daɗe da shiga gidajen malamai, kuma hotunan da ke cikin wayar da ke hannun yaran yau ba wanda ya tace su.

Mu koma ga abubuwa ukun nan, wuri da rana da labarin da ba ya ƙarewa. Biyu daga ciki muna da su. Kasuwannin ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan mako-mako suke ci, kuma a irin waɗannan kasuwanni ba a rasa mai shimfiɗa tabarma ya jera Ishiriniya da Ƙawa'idi da 'yan littattafan Hausa, kusa da masu rake da mazarƙwaila. Marubutan Kano tun tsakiyar shekarun 1980 sun nuna ana iya raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, mai karatu ya bi, wanda ba shi da kuɗin saye kuma ya karɓi haya. Mata ne suka fi cin moriyar wannan, yara 'yan shekara tara zuwa goma sha huɗu kuwa ba a yi musu tanadi ba. Abin da ya rage shi ne mai zane da marubuci su zauna tare, kuma a nan Zariya sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sashen da ake koyar da Hausa a harabar Samaru ɗaya suke. Ba sai an yi launi ba, launi shi ke cin kuɗi. Shafi takwas baƙi da fari, a kan takardar jarida, a farashin da bai wuce na ƙullin gyaɗa biyu ko uku ba, ya isa gwaji, muddin dai kashi na biyu zai iso tabarmar mai littattafai a ranar kasuwar da aka yi wa yaro alkawari.