Tarihin Kulob ɗin Fitzroy: Dangantakar Wasa da Unguwa

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon Ostareliya wasa ne da aka fara rubuta dokokinsa a birnin Melbon a shekarar 1859. Ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da aka saba gani. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ne, haka ma filinsa, kuma kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 da ke amfani da hannu da ƙafa. Akwai sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin biyun tsakiya ya sami maki 6, ta gefe kuwa maki 1. Tun farko unguwanni ne suka raini wannan wasa, kowace da kulob ɗinta. A nan za a duba tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Fitzroy, domin a ga yadda ƙarfin kulob yake rataye da unguwarsa.

2.0 Kafuwa da Bunƙasa

Fitzroy tsohuwar unguwa ce ta ma'aikata a arewa maso gabashin tsakiyar Melbon. An kafa kulob ɗinta a 1883, kuma yana cikin kulob takwas da suka fara gasar jihar Biktoriya, wadda ake kira VFL, a 1897. Filinsa yana kan titin Brunswick, inda magoya baya ke takowa da ƙafa daga gidajensu.

Kulob ɗin ya ci kofin gasar sau takwas: 1898, 1899, 1904, 1905, 1913, 1916, 1922 da 1944. Nasarar 1916 tana da ban mamaki. Saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, kulob huɗu kacal suka fafata, don haka dukkansu suka shiga zagayen ƙarshe. Fitzroy ce ta zo kurar baya a wasannin share fage, amma ita ta ɗauki kofin.

Daga cikin fitattun 'yan wasanta akwai Haydn Bunton, wanda ya karɓi lambar Brownlow ta gwarzon shekara a 1931 da 1932 da 1935. Akwai kuma Doug Nicholls, ɗan asalin ƙasar, wanda ya buga mata wasa a shekarun 1930, daga baya ya zama gwamnan jihar Ostareliya ta Kudu a 1976. A 1957 ne kulob ɗin ya ɗauki zaki a matsayin tambarinsa.

3.0 Dalilan Koma-baya

Za a iya kasa dalilan durƙushewar kulob ɗin gida uku. Na farko, unguwar ƙarama ce, ga ta tsakanin Carlton da Collingwood, waɗanda kulob ɗinsu suka fi yawan magoya baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, iyalai da dama suka ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari.

Na biyu, kulob ɗin ya bar filinsa bayan kakar 1966, ya shiga zaman aro a filayen wasu. Cikin shekara 30 ya yi ƙaura sau biyar. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku, wasan kansa ya sauya. Gasar ta bazu zuwa sauran jihohi, har aka sauya mata suna zuwa AFL a 1990. Albashin 'yan wasa ya hauhawa, bashi ya yi wa Fitzroy katutu, ta riƙa rasa gwanayenta.

4.0 Haɗewa da Farfaɗowa

A 1996 wani kamfanin inshora na ƙasar Nauru da ke bin kulob ɗin bashi ya sa aka naɗa masa mai kula da dukiya. A watan Yuli aka yanke shawarar haɗa harkar wasansa da ta kulob ɗin Brisbane Bears da ke jihar Queensland. Fitzroy ta buga wasanta na ƙarshe a gasar ranar 1 ga Satumba, 1996, a birnin Perth, nesa da gida. Sabon kulob ɗin, Brisbane Lions, ya gaji zakin, ya kuma ci kofi a 2001 da 2002 da 2003.

Duk da haka, ba a rushe asalin kulob ɗin ba. Ya fita daga hannun mai kula da dukiya a 1998, sannan a 2009 ya koma buga wasa a gasar 'yan sa-kai ta jihar Biktoriya, a tsohon filinsa na titin Brunswick.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa kofuna takwas ba su hana Fitzroy durƙushewa ba bayan ta rabu da filinta da jama'arta. Tambarinta ya tafi Brisbane tare da babbar gasa, amma sunanta ya ci gaba da rayuwa a unguwar da ta haife ta.